Mai Hoto da Abokin Cinikin da Ya Ƙi Fuskarsa

Duk wanda ya taɓa riƙe sana'ar ɗaukar hoto, ko a Bamako yake, ko a Kumasi, ko a Khartum, ko a Landan, ya san wata sa'a guda wadda ta fi sauran nauyi a cikin aikinsa, watau sa'ar da abokin ciniki ya komo karɓar hotonsa. Mutum ya zo ranar Salla ya sha ado, ya zauna an ɗauke shi, ya ba da kafin alƙalami ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo, a miƙa masa ambulan, ya zaro katin ya ƙura masa ido, ya yi shiru. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan ai ba ni ba ne." Alhali kuwa shi ne, hular tasa ce, rigar ma tasa ce, har maɓallin da ya manta bai ɓalla ba ga shi nan ya fito sarai. A wannan zamani na'urori sun canja, sau da yawa ba a jiran kwana uku, nan take mutum zai leƙa bayan kyamara ko fuskar kwamfuta ya ga kansa, amma maganar da ke fita daga bakinsa tana nan yadda take.

Abin da mai hoto zai ce a wannan sa'a yana iya gina sana'arsa ko ya rusa ta. In ya harzuƙa ya ce aikinsa ba shi da aibi, wataƙila ya karɓi cikon kuɗinsa, amma ya yi asarar mutumin, da iyalinsa, da duk wanda zai ji labarin a unguwa. In kuwa ya tsorata ya shiga shafe-shafe har fuskar ta koma ta wani dabam, to, ya sayar da ƙarya, kuma ran da dangi suka ga hoton suka kasa gane mai shi, sunan shagonsa za a kira. Saboda haka ya kamata a san inda wannan ƙorafi ya samo asali, da yadda gwanayen sana'ar suka bi da shi.

Ƙorafin ya kusa zama sa'an sana'ar kanta. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Bafaranshen nan Louis Daguerre a birnin Paris. A wannan hanya hoton yana fitowa ne a kan faifan tagulla da aka shafe da azurfa, kwafi ɗaya tak, ba a iya wanko na biyu daga jikinsa. Shekara 13 bayan haka, a watan Janairu na 1852, wani mai hoto a Landan, William Kilburn, ya ɗauki Sarauniya Biktoriya tare da 'ya'yanta biyar. 'Ya'yan suka fito da kyau, ita kuwa aka same ta idanunta a rufe. Da aka kawo mata faifan sai ta kankare fuskarta daga jikinsa, ta bar na yaran. Faifan yana nan cikin kayan tarihin gidan sarautar Ingila, sarauniya zaune tsakanin 'ya'yanta ba fuska. Haka kuma Nadar, wanda ya yi suna da ɗaukar manyan mutanen Paris a ƙarnin nan na 19, ya rubuta a littafin da ya ba da labarin sana'arsa cewa maza sun fi mata damuwa da yadda suka fito a hoto. Ke nan sarauta ba ta raba mutum da wannan damuwa ba, gemu ma bai raba shi da ita ba.

Dalili na farko yana cikin madubi. Mutum ba ya ganin fuskarsa kai tsaye tun daga haihuwa har mutuwa, abin da ya sani shi ne wadda madubi ke nuna masa kowace safiya, madubi kuwa juya fuska yake yi, dama ta koma hagu. Da a ce ɓarin fuska na dama daidai yake da na hagu da babu damuwa, amma ba a samun haka ga ɗan Adam. Ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya buɗewa, hanci ya ɗan karkata, murmushi ya fi tashi ta gefe guda. Hoto yana nuna fuskar yadda sauran mutane ke ganinta, sai duk waɗannan 'yan karkace-karkace su koma ɓangaren da mai fuskar bai saba ganinsu ba, ya ji wani abu ya saɓa ko da bai iya faɗin mene ne ba. A shekarar 1977 wasu masana uku a Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee a Amurka, watau Mita da Dermer da Knight, suka gwada wannan magana. Suka ɗauki hotunan ɗalibai mata, suka wanke kowane hoto iri biyu, ɗaya yadda yake, ɗaya a juye kamar a madubi. Yawancin masu hotunan suka zaɓi na juye, aminansu kuwa suka zaɓi na ainihi. Kowa ya fi son fuskar da idonsa ya saba da ita. Shi ya sa ake samun mace ta ƙi hotonta, mijinta kuma ya rantse babu wanda ya fi shi kama da ita, kuma dukansu biyu gaskiyar abin da suka gani suka faɗa.

Dalili na biyu shi ne tazara. Abin da ke kusa da idon kyamara yakan fito babba, na nesa ya fito ƙarami, kuma a fuskar mutum hanci ne a gaba, kunnuwa a baya. In aka matso da kyamara dab da fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su shige, goshi ya turo. A shekarar 2018 wani likita na Jami'ar Rutgers a Amurka, Boris Paskhover, da abokan aikinsa suka buga wani lissafi da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan inci 12 yana ƙara faɗin hanci da misalin kashi 30 cikin 100, alhali daga nisan ƙafa 5 hancin yana fitowa kusan yadda yake. Wannan ne ya sa masu ɗaukar fuska suka daɗe da zaɓen gilashin kyamara mai jawo nesa, kamar mai milimita 85 zuwa 135, domin su sami damar ja da baya. Sa'an nan ga maganar lokaci. Fuskar mai rai ba ta tsayawa wuri ɗaya, ana magana, ana ƙifta ido, ana haɗiye yawu, idon mai kallo kuma yana tattara duk wannan ya fitar da kama guda. Kyamara kuwa takan yanko abin da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na sakan ba, kuma tana iya faɗawa daidai tsakanin buɗe ido da rufe shi, ko tsakanin kalma da kalma, ta kama wani fasali da babu wanda ya taɓa lura da shi a fuskar mutumin.

Dalili na uku shi ne haske, kuma a nan ne baƙar fata ya fi shan wahala. An gina ma'aunin hasken da ke cikin kyamara a kan zaton cewa abin da ke gabansa, in an gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi toka-toka. To, in ga mutum baƙi cikin farar babbar riga da farar hula a tsakiyar rana, sai farin kayan ya ruɗi ma'aunin, ya rage hasken da ke shiga, aikin rigar ya fito zare-zare, fuska kuwa ta dushe, ba a ganin kome sai fararen idanu. Ranar tsaka kuma tana zuba inuwa cikin ƙwarmin ido da ƙarƙashin hanci, ta tsufar da saurayi. Bugu da ƙari, shi kansa fim mai launi an daɗe ana daidaita shi da farar fata. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake saita launin injin. Wata malama ta Jami'ar Concordia a Kanada, Lorna Roth, ta bayyana a binciken da ta buga a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ke fitar da launin ƙasa-ƙasa har da koke-koken masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa daidai a hotunan talla. Saboda haka idan mutum ya ce an baƙanta shi, ko an mai da shi toka, bai kamata a yi saurin cewa ƙin launinsa yake yi ba, sau da yawa gaskiya ce tsantsa. Maganin kuwa yana hannun mai hoto: ya auna haske a kan fuska, ya kai mutum inuwa mai sarari, ya sa yaron shago ya riƙe farin ƙyalle ko farin kwali ta gefe domin ya mayar da haske kan kunci.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma da wuya a sami wanda ya riƙe wannan a sana'ar hoto kamar Seydou Keïta na Bamako. Ɗan kafinta ne, an haife shi wajen 1921, kawunsa ya kawo masa kyamarar Kodak daga Senegal a 1935, ya buɗe gidan hotonsa a 1948 a unguwar Bamako-Coura. Fim yana da tsada a wancan lokaci, saboda haka yawanci sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum, kuma a tsakar gida da hasken rana ya fi yin aikinsa. Wanda ke da harbi ɗaya tilas ya gama shawara kafin ya taɓa kunama. Keïta yakan nuna wa mai zuwa hotunan waɗanda suka riga shi, ya zaɓi irin zama ko tsayuwar da yake so. Ya tanadi kwat irin ta Turawa, da agogo, da alƙalami, da tabarau, da rediyo, da babur, domin wanda ke son a gan shi da su. Yakan gyara zaman zane, ya shimfiɗa hannun mace yadda zobbanta da yatsunta za su fito, ya ɗan karkata kafaɗa maimakon a fuskanci kyamara ƙiƙam kamar hoton fasfo. Abin da ya gane shi ne, wanda ya shigo gidan hoto ya zo da wani hoto a zuciyarsa tun daga gida. Wani so yake iyayensa a ƙauye su ga ya zama mutum a birni, wata so take a ga sabon zanenta da kitsonta, wani kuma hoton za a kai gidan da yake neman aure. Mai hoton da bai tambayi inda za a kai hoto ba, da wanda zai gan shi, yana aiki ne cikin duhu ko da fitilunsa sun kai goma.

Irin wannan lura ce Mathew Brady ya yi a New York ran 27 ga Fabrairu 1860, sa'ad da Abraham Lincoln ya shigo gidan hotonsa kafin ya gabatar da wani muhimmin jawabi da dare. Lincoln dogo ne siriri, mai dogon wuya, abokan hamayya suna yi masa ba'a da muni. Brady ya ja masa kwalar riga sama domin wuyan ya ragu, ya tsayar da shi ya dafa littattafai, ya ja da baya ya ɗauke shi daga nesa kaɗan, daga baya kuma ya sassauta zurfin layukan fuskarsa. Hoton ya bazu cikin jaridu a lokacin yaƙin neman zaɓe, a watan Nuwamba na wannan shekara aka zaɓi Lincoln shugaban Amurka. Yawancin gyaran da Brady ya yi, kafin ɗauka ya yi shi, da hannu da ido, kuma wanda ya san Lincoln in ya ga hoton zai gane shi nan take.

Gyaran da ake yi bayan ɗauka shi ma tsoho ne. A babban bajekolin duniya da aka yi a Paris a 1855, wani Bajamushe daga Munich, Franz Hanfstaengl, ya nuna hoton mutum ɗaya iri biyu, wanda aka gyara da wanda ba a gyara ba, jama'a suka yi ta mamaki. Daga nan gyara ya zama reshe na sana'ar. Mai gyara yakan ɗora dodon hoto, watau baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, a kan gilashi mai haske ta ƙasa, ya fiƙe fensir kamar allura, ya bi tamoji da ƙuraje ɗigo-ɗigo har su ɓace. A Afirka ta Yamma ma an ƙware a wannan. James Barnor na ƙasar Gana, wanda aka haifa a 1929, ya buɗe gidan hoto a Akra a farkon shekarun 1950, ya sa masa suna Ever Young, watau mai ƙuruciya har abada, sunan da ya dace da gwanintarsa ta rage wa mutum shekaru da bakin fensir. Abin da a da yake cin sa'a guda ana sunkuye, yau kwamfuta da wayar hannu suna yin sa cikin ƙiftawar ido, har su rage ƙiba, su ƙara girman ido, su haskaka fata ba tare da an roƙe su ba.

Sauƙin nan shi ya kawo haɗari, domin garin neman gira akan rasa ido. Akwai wata ƙa'ida da masu sana'ar da yawa suke bi, kuma tana da ma'ana: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji, ko kumburin ido na rashin barci, ko gumi, ko zaren da ya maƙale a riga, a share shi ba sai an yi shawara ba. Abin da yake na mutum ne na dindindin, kamar tabo, da wushirya, da furfura, da tsagar gado, da launin fata, ba a taɓa shi sai mai shi ya nema da bakinsa. Wanda ya shafe wa dattijo billensa don yana zaton gyara ne, ya shafe masa shaidar gidansu. Wanda ya haskaka fatar yarinya ba ta tambaya ba, ya gaya mata a fakaice cewa yadda Allah ya yi ta bai isa ba, kuma irin wannan magana takan zauna a zuciya. Wasu ƙasashe har sun kai batun gaban doka ta fuskar talla. Tun daga ran 1 ga Oktoba 2017 dokar Faransa ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi, in dai an rage ko an ƙara jikin wanda ke ciki, ƙasar Norway kuma ta fara aiki da irin wannan doka a 2022. Waɗannan dokoki ba su shafi hoton da mutum zai rataya a ɗakinsa ba, amma sun nuna cewa hukumomi sun lura da ɓarnar da hoton ƙarya ke yi wa masu kallonsa, musamman matasa.

Labarin Winston Churchill ya tara darussan nan wuri ɗaya, domin an yi masa sura biyu da suka shahara, ƙarshensu kuwa ya bambanta. Ran 30 ga Disamba 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya gama jawabi a majalisar dokokin Kanada a Ottawa, aka shigar da shi wani ɗaki inda Yousuf Karsh ya kafa kyamararsa. Ba a gaya masa za a ɗauke shi ba, ya ba da 'yan mintoci cikin fushi, ya ƙi ajiye ƙatuwar tabar nan tasa. Karsh ya matso ya zare ta daga bakinsa, ya koma ya ɗauka. Fuskar ta fito a murtuke, amma murtukewar ta dace da yadda shi da mutanensa suke son a ga jagoran yaƙi, hoton ya zagaye duniya, har a 2016 aka buga shi a bayan takardar fam 5 ta Ingila. Shekara 13 bayan hoton Karsh, a 1954, 'yan majalisun Ingila biyu suka haɗa kuɗi, gini 1,000, suka sa mai zane Graham Sutherland ya zana shi domin cikarsa shekara 80. Sutherland ya zana abin da ya gani, tsoho mai nauyin jiki ya nutse cikin kujera, wanda shekara guda kafin nan ya yi fama da ciwon shanyewar jiki. Churchill bai ga aikin ba sai da aka kammala, saura kwanaki kaɗan a yi biki. Ya tsane shi, ya so ya ƙi karɓa, da ƙyar aka lallashe shi ya karɓa a gaban jama'a ran 30 ga Nuwamba. Aka kai zanen gidansa, ba a taɓa rataya shi ba, sai a 1978, bayan rasuwar matarsa, aka sanar cewa tuni an hallaka shi. Masana da yawa suna ganin zanen aikin gwani ne. Amma waɗanda suka biya dabam, wanda aka zana dabam, ba a daidaita tun farko a kan irin surar da ake nufi ba, kuma an bar mai fuskar ya yi karo da tsufansa a lokacin da babu sauran damar gyara.

To, idan duk da rigakafi ƙorafi ya zo, abu na farko shi ne mai hoto ya kame bakinsa ya saurara. Kada ya ce, "Ai haka kake," ko da haka ne, domin magana zarar bunu ce. Kada kuma ya yi ta rantsuwa cewa hoton ya yi kyau, domin mutumin zai ji ana ƙaryata idonsa. In akwai mutane a shagon, ya ja shi gefe, musamman in mace ce ko dattijo, sa'an nan ya tambaya a hankali, "Hajiya, wane wuri ne bai yi miki ba?" Amsar takan nuna ɗaya daga cikin abu uku. Wani lokaci laifin na mai hoto ne, haske ya dushe, ko ido a rufe, ko hoton ya yi dishi-dishi. A nan babu abin yi sai amsa laifi da sake ɗauka kyauta, ba tare da dogon bayani ba. Wani lokaci aikin yana da kyau amma an saɓa a kan buƙata, mutum ya so a gan shi tsaye har takalmi, aka yanke shi a ƙirji, ko ya so kwarjini aka sa shi dariya. A nan sai a nuna masa sauran da aka ɗauka, in babu wanda ya dace a sake zama, a raba asarar bisa adalci. Na uku shi ya fi wuya, watau hoton daidai yake, abin da mutumin ya ƙi yana jikinsa: ƙibar da ta zo bayan haihuwa, ramar da ciwo ya bari, shekarun da suka shigo ba sallama. Wannan ba a warkar da shi da gardama. Abin da ke taimako shi ne a bayyana masa maganar madubi, har a juya masa hoton ya gani in na'ura ta ba da hali, a rage yawan hotunan da aka baza masa zuwa 'yan kaɗan mafiya kyau, a ba shi shawara ya tafi da ɗaya gida ya kwana biyu da shi, ya nuna wa wanda ya yarda da shi. Sau da yawa idon da ya ƙi hoto ranar farko yakan saba da shi kafin mako ya zagayo.

Maganar kuɗi kuwa tun kafin a zauna ake yanke ta. A faɗi farashi, da yawan hotunan da za a bayar, da irin gyaran da ke cikin kuɗin, da sharaɗin sake ɗauka, in da hali a rubuta a rasit. Wanda ya yi haka ba ya buƙatar ɗaga murya daga baya. Akan sami wanda babu abin da zai gamsar da shi, an sake sau biyu yana nan a kan bakansa. Irin wannan gara a mayar masa da abin da ya dace daga kuɗinsa a rabu da mutunci, domin awa goma da za a ɓata a kansa ta masu jiran layi ce. Sa'an nan akwai amana. Hoton da mai shi ya ƙi, ba a liƙa shi a allon ƙofar shago, ba a sa shi a intanet don talla, ko da mai hoto yana ganin shi ne mafi kyawun aikinsa na shekara. Dokokin mallakar hoto sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko inda doka ta ba mai ɗauka iko, fuskar ta wani ce, kuma a garin da kowa ya san kowa ba a daɗewa ana cin irin wannan riba.

Abu na ƙarshe da tsofaffin masu sana'ar suka sani shi ne, hukuncin ranar karɓa ba shi ne na ƙarshe ba. Mutumin da ya ga tsufa a hotonsa yana da shekara 40, in ya kai 60 ya sake dubawa yaro zai gani. 'Ya'yansa kuma, ran da ba ya nan, ba za su tsaya auna hanci ko ƙirga furfura ba, kamannin mahaifinsu za su nema, kuma hoton da aka shafe har kama ta gudu ba zai ba su abin da suke nema ba. Seydou Keïta ya koma aikin gwamnati a 1962, daga baya gidan hotonsa ya rufe, amma ya adana dodannin hotunansa dubbai. A 1991 aka nuna kaɗan daga cikinsu a New York ba tare da sunansa ba, aka bi sawu har Bamako aka same shi, a 1994 aka yi bajekolin aikinsa a Paris, ya rasu a 2001 sunansa ya kai ko'ina. Mutanen da suka zauna a tsakar gidansa da aron agogo da aron rediyo, yau ana kallonsu a manyan gidajen tarihi na duniya cikin kamala da kwarjini, kowannensu a yadda ya zaɓa a gan shi. Saboda haka mai hoto ya adana aikinsa da kyau, har wanda aka ƙi karɓa, ya rubuta suna da kwanan wata a jiki, domin yakan faru bayan shekaru wani ya shigo shago ya yi sallama, ya ce ko akwai sauran hoton mahaifiyarsa.